Ruwan Shawa Ya Yi Rauni A Gidan Bene: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Mazauna Abuja

Duk wanda ya zauna a gidan bene a Gwarimpa, ko Kubwa, ko Wuse, ko Lugbe, da wuya a ce bai taɓa buɗe shawa da asuba ya tarar ruwan yana tsiyaya kamar indararo bayan an ɗauke ruwan sama ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan haya da masu gidaje suka fi yi mini a shekarun da na yi ina kula da aikin famfo a gidajen haya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane ke garzayawa kasuwar Dei-Dei su sayo injin ƙara ƙarfin ruwa tun ba su gano inda ruwan ya maƙale ba, alhali sau da yawa abin da ya tare shi bai wuce yashi cikin cokali ɗaya ba.

Ta yaya zan tabbatar ruwan ya yi rauni da gaske, ba gani na ba ne kawai?

A auna shi da bokiti. A sami bokitin da aka san yawan litarsa, misali mai lita 10, a buɗe shawa har ƙarshe, a tara bokitin a ƙarƙashinta, a duba agogon waya. Idan ya cika a cikin minti ɗaya, shawar tana ba da lita 10 a minti, kuma wannan ya isa a yi wanka mai daɗi. Idan sai da ya ɗauki minti biyu, lita 5 ke nan, wanka zai yiwu amma kumfar sabulu za ta daɗe ba ta fita ba. Idan ya kai minti uku ko fiye, akwai matsalar da ta cancanci a bi ta.

Daga nan sai a kwance kan shawar a sake aunawa da bakin bututun tsirara, sannan a auna famfon kicin da na wanke hannu. A rubuta lambobin a takarda, domin kusan duk amsoshin da ke gaba a kansu suka dogara.

Daga ina ƙarfin ruwan shawa yake fitowa tun farko?

A mafi yawan gidajen bene na Abuja, ruwan ba ya zuwa banɗaki kai tsaye daga babban bututun titi ko daga rijiyar burtsatse. Ana tura shi ne zuwa tankin da ke kan rufi ko kan hasumiyar ƙarfe, daga can ya gangaro da nauyin kansa. Saboda haka abin da ke ba shi ƙarfi shi ne tazarar tsayi tsakanin saman ruwan da ke cikin tanki da kan shawar, ba ƙarfin injin da ya hau da shi ba. Injin nan da ya cika tanki ya gama aikinsa.

Lissafin ba shi da wuya. Ana auna matsin ruwa da ma'aunin da ake kira bar, kuma kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan bar 1. Hawa ɗaya na bene kan kai kimanin mita 3. A gini mai hawa huɗu da tankinsa yake kan rufi, wanda yake zaune a ƙasa yana da kusan mita 12 na ruwa a bisa kansa, wato sama da bar 1, shi kuwa wanda yake can sama mai yiwuwa mita 2 ko 3 kawai ke tsakanin shawarsa da ruwan tanki, wato bar 0.2 zuwa 0.3. Tanki ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, kuɗin haya ma wani lokaci na saman ya fi biya, amma na ƙasa ya ninka shi matsi sau huɗu zuwa shida.

Akwai wani abin da mazauna hawan ƙarshe ke lura da shi ba tare da sun san dalilinsa ba, wato shawa tana da dama-dama idan an cika tanki yanzu, zuwa yamma kuma ta mutu. Dalilin shi ne, idan ruwan tanki ya sauka da mita ɗaya, na ƙasa ba zai ji komai ba, domin mita ɗaya cikin goma sha biyu ba wani abu ba ce, amma ga wanda mita uku kacal yake da su, kashi ɗaya cikin uku na matsinsa ne ya tafi.

Famfon wanke hannu yana zuba da ƙarfi, shawa ce kaɗai ba ta yi. Mene ne matsalar?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, domin maganinta ba ya cin kuɗi. Idan aka kwance kan shawar ruwa ya fito da ƙarfi daga bututu, to, a cikin kan nan matsalar take. A wurin da ake ɗaura shi akwai 'yar rariya ta waya ko ta roba, kuma a gidajen da ke shan ruwan burtsatse na fi samun yashi mai laushi da jan laka sun toshe ta, musamman idan an daɗe ba a wanke tanki ba. A zaro ta da tsinke, a wanke da tsohon buroshin haƙori, a mayar.

Ƙananan ramukan da ruwa ke fesowa ta cikinsu su ma suna toshewa da wani farin ɓawo da ruwa ke bari idan ya bushe. Alamarsa ita ce wasu ramukan suna fesawa a karkace, wasu kuma sun yi shiru. A jiƙa kan shawar cikin ruwan khal fari (wato vinegar) na wasu awanni, ko a bar shi ya kwana, sannan a goge, a sassoke ramukan da tsinken sakace. Idan ramukan na roba ne masu taushi, murza su da yatsa ma ya isa. Kada a yi amfani da ruwan batir, domin yana cin ƙarfe da roba, kuma kada a taɓa haɗa ruwan khal da ruwan bilic na wanki, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba, banɗaki kuwa wuri ne matsattse.

Idan shawar ta hannu ce mai tiyo, a duba tiyon shi ma. Robar da ke cikinsa tana iya murɗewa ko ta lotsa alhali ƙarfen waje yana nan lafiya lau, ido ba zai gani ba sai an cire shi an auna ruwan ba tare da shi ba.

Saura abu ɗaya da mutane ƙalilan suka sani. Da yawa daga cikin kawunan shawa da ake shigowa da su suna ɗauke da wata 'yar roba mai ƙaramin rami a bayan rariyar, wadda aka saka da gangan don ta rage ruwa. A Amurka, wata doka ta 1992 ta ƙayyade cewa kada kan shawa ya wuce galan biyu da rabi a minti, kimanin lita 9 da rabi, kuma ana gwada hakan ne a matsin da ya kai kusan bar 5 da rabi. Abin da aka ƙera don ya ja wa ruwa mai wannan ƙarfin linzami, idan aka ɗaura shi a hawa na huɗu inda bar 0.3 ake da shi, shaƙe ruwan zai yi gaba ɗaya. A irin wannan gidan ina ba da shawarar a cire robar. A hawan ƙasa mai matsi sosai kuwa gara a bar ta, don kada a riƙa zubar da tankin da kowa ke sha.

Na sayi babban kan shawa mai faɗi irin na otal, sai abin ya ƙara lalacewa. Jabu aka sayar mini?

Ba lallai ba ne. Babban kai mai ramuka sama da ɗari yana raba ɗan ruwan da ake da shi ne zuwa wurare masu yawa, sai kowane rami ya riƙa ɗiga. An yi shi don ginin da ke da injin matsi. Mai zama kusa da tanki ya nemi ƙaramin kai mai ramuka kaɗan, zai ga bambanci nan take. Haka kuma da yawa daga cikin famfunan zamani masu haɗa ruwan zafi da na sanyi da hannu ɗaya suna da matsattsun hanyoyi a ciki, kuma akan rubuta mafi ƙarancin matsin da suke bukata a jikin kwali ko a takardar ciki, sai a karanta kafin a biya kuɗi.

Ruwan sanyi yana da ƙarfi, na zafi ne yake zuwa da ƙyar. Hita ce ta lalace?

Sau da yawa hitar tana dafa ruwa yadda ya kamata, hanyar shigarta ce ta toshe. A bakin bututun da ke kai mata ruwan sanyi akwai wani ɗan makulli na tagulla wanda ke hana ruwa komawa baya, yake kuma sakin ruwa idan matsi ya yi yawa a ciki. Ruwa mai rauni yana shan wahala wajen ture shi, balle in datti ya taru. A ƙasan tukunyar hitar ma laka da ɓawo suna kwanciya shekara da shekaru, wani lokaci su ɓalle su toshe tiyon fita.

Wannan aikin na mai gyaran famfo ne, amma ya kamata mai gida ya tsaya a kan abu biyu. Na farko, a kashe wutar hitar daga makunninta kafin a zubar da ruwan cikinta, kuma kada a kunna sai ta sake cika har ruwa ya fito daga famfon zafi, in ba haka ba ƙarfen da ke dafa ruwan zai ƙone. Na biyu, kada a yarda wani ya cire makullin tagullar nan ko ya toshe bakinsa wai don ruwa ya ƙara gudu ko don yana ɗiga. Shi ne ke tsare tukunyar daga fashewa. Idan ya lalace a sauya shi da sabo.

Ƙaramar hitar nan mai dafa ruwa nan take ba tare da tukunya ba, ita ba ta kunnuwa sai ruwan da ke ratsa ta ya kai wani gwargwado. Shi ya sa a hawan sama take kamawa ta saki, mai wanka ya ji zafi da sanyi suna musanya.

Tanki ya ƙare jiya, an sake cika shi, amma famfo sai tari yake yi yana tofar da ruwa. Me ya faru?

Iska ce ta shiga bututu lokacin da tankin ya bushe, ta kuma maƙale a inda bututun ya yi tudu, ruwan da ke gangarowa ba shi da ƙarfin da zai kore ta. A buɗe duk famfunan gidan, a cire kan shawa, a bar su na wasu mintuna, galibi iskar takan fita da kanta. Idan ta ƙi, mai gyara zai haɗa tiyo daga wani famfo mai ƙarfi ya tura ruwa ta baya har iskar ta koma tanki. Bayan haka a wanke rariyar shawa, domin ragowar ruwan gindin tanki shi ne mai ɗauke da laka, kuma duk lokacin da aka bari tanki ya ƙafe sai lakar nan ta bi bututu.

Da rana lafiya lau, amma daga asuba zuwa ƙarfe bakwai babu ƙarfi. Me ya sa?

A lokacin ne kowa yake alwala, yana wanka, ana shirya yara makaranta. Idan bututu ɗaya ne ya sauko daga tanki yana ciyar da gidaje shida ko takwas, to, da na ƙasa sun buɗe famfunansu ruwan zai bi gangara ya bar na sama, wani lokaci har a ji famfon sama yana zuƙar iska. Girman bututu yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin mai inci ɗaya ya ninka mai rabin inci faɗin ciki kusan sau huɗu, ba sau biyu ba. Magini da ya so tsimin kuɗi ya sauko da ƙaramin bututu daga tanki ya bar wa mazauna ginin wahalar da ba ta ƙarewa. Gyara na gaskiya shi ne a sauya babban bututun da wanda ya fi shi faɗi, ko kuma a ja wa hawan ƙarshe layinsa daban tun daga bakin tanki. Ni na fi son na biyun, domin ya fi araha kuma ba sai an fasa bango mai yawa ba.

Ruwan gidan gaba ɗaya yana raguwa sannu a hankali, shekara bayan shekara. Ina zan fara dubawa?

A fara da makullan ruwa: na bakin tanki, na shiga gida, da na cikin banɗaki. Akan bar su rabi a buɗe bayan wani gyara a manta, kuma irin mai kan da ake murzawa yana iya karyewa a ciki, hannun yana juyawa amma ƙofar ba ta ɗagawa. Idan an saka matatar ruwa a kan layi, a buɗe a duba abin tacewar, domin ana barinsa har ya koma launin ƙasa.

A tsofaffin gidaje irin na Garki da Wuse da aka gina tun shekarun 1980, inda ba a sauya bututun ƙarfe ba, tsatsa ce ke cin hanyar daga ciki har ramin ya koma kamar na alƙalami. Alamarta ita ce jan ruwa a farkon buɗe famfo da safe. Wannan ba ya wankuwa, sai dai a sauya da bututun roba, kamar koren nan da ake haɗawa da zafi.

Yoyo ma yana rage ƙarfi idan ya yi yawa. Da dare a rufe duk famfuna, a yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya, a duba da asuba kafin kowa ya taɓa ruwa. Idan ya sauka sosai, a fara duba tankunan ruwan masai na zama, domin sukan riƙa tsiyayar da ruwa shiru dare da rana, sannan a nemi bangon da ya jiƙe ko fentinsa yake kumbura.

Ba daga Hukumar Ruwa ba ne matsalar, ko daga rani?

Ruwan famfo na Abuja yana fitowa ne daga madatsar Usuma da ke yankin Bwari, wadda ake ƙara mata ruwa daga madatsar Gurara ta Jihar Kaduna. Idan gidanka yana karɓar ruwan kai tsaye daga bututun titi ba tare da tanki ba, to, raguwar matsi a unguwa za ta bayyana a shawarka, kuma tambayar maƙwabta na gini na gaba za ta tabbatar maka. Amma idan akwai tankin sama a tsakani, matsin titi ba ya isowa banɗakinka ko kaɗan, iyakar tasirinsa shi ne ko tankin ya cika ko bai cika ba. Haka zancen yake ga rijiyar burtsatse a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya: sumo, wato injin da ke cikin rijiyar mai turo ruwa sama, yana kawo ruwa kaɗan, yana kuma haɗowa da yashi, tanki ba ya cika, rariyoyi suna toshewa da wuri.

Idan aka sayi tanki mafi girma, ƙarfin zai ƙaru?

A'a. Tanki mai lita 5,000 da mai lita 1,000, idan saman ruwansu yana tsayi ɗaya, matsinsu ɗaya ne. Babban zai daɗe bai ƙare ba ne kawai. Ɗaga tanki shi ke ƙara matsi, amma a sani cewa ninka tsayin ba ya ninka ruwan da ke fita daga shawa, ƙarin da ake samu bai wuce kimanin kashi 40 cikin 100 ba. A kuma tuna cewa lita 1,000 na ruwa kilo 1,000 ne. Kada a ɗora wa mai walda ƙara wa hasumiya tsawo da ka, ba tare da injiniyan gini ya duba ƙafafunta da tushenta ba.

To yaushe ne ya dace a sayi injin ƙara ƙarfin ruwa?

Sai bayan an wanke kan shawa, an duba makullai da matata, an fitar da iska, sannan awon bokiti ya nuna cewa ko da bututu tsirara ruwan bai kai ba, kuma gidan yana kusa da tanki. A nan babu abin da ya toshe, tsayi ne ya gaza, inji ne maganinsa. Idan kuwa aka ɗora inji a kan bututun da tsatsa ta cinye, an sayi ƙara da kuɗin wuta ne kawai.

Iri biyu aka fi samu. Akwai ƙarami da ake ɗaurawa a kan bututun banɗaki ɗaya, wanda ke tashi da kansa idan ya ji ruwa ya motsa, sai dai in ruwan ya yi rauni ƙwarai ba ya ji, sai an kunna shi da hannu. Akwai kuma babba mai na'urar kula da matsi, wanda ke ciyar da gida gaba ɗaya. Kowanne aka zaɓa, a tabbatar yana kashe kansa idan tanki ya ƙare, domin injin da ya yi gudu babu ruwa ƙonewa yake yi. A yi masa hanyar ratse da makulli, yadda ruwa zai ci gaba da wucewa idan babu wuta ko injin ya lalace. A saka shi kafin inda layin zafi da na sanyi suka rabu, don kada ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya. Wayarsa kuma mai aikin lantarki ne zai ja ta, da wayar ƙasa, nesa da inda ruwa ke fantsama, domin ba a wasa da wuta a inda mutum ke tsayawa jiƙe ba takalmi.

Abu biyu nake gargaɗi a kansu kullum. Ƙarin matsi yana tona asirin duk wata mahaɗa da aka yi wa aikin gaggawa a cikin bango, saboda haka a sa ido a kwanakin farko, kuma a shaida wa na ƙasa ya duba silin ɗinsa. Sannan injin da aka ɗora a kan bututun da ake tarayya da shi yana janye rabon maƙwabci ne. Wanda ya gyara wankansa ya bar na kusa da shi ba ruwan alwala bai kyauta ba, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙarfin shawa. A ja wa injin layinsa daga tanki.

Ni 'yar haya ce. Wane gyara ne nawa, wanne ne na mai gida, kuma yaya zan yi masa magana?

Hajiya, ki fara duba takardar yarjejeniyar haya, domin abin da aka rubuta a ciki shi ne abin riƙo. A al'ada dai kan shawa da tiyo da rariya na mai zama ne, tanki da sumo da babban bututu da duk abin da ke cikin bango kuwa na mai gida ne ko na kuɗin hidimar da ake karɓa duk shekara. Kada ki bari a fasa tayil ko a ɗaura inji sai da izininsa a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, kuma ku daidaita tun farko ko za ki tafi da injin ranar da za ki tashi.

Idan za ki kai ƙorafi, ki tafi da lambobinki. Maimakon ki ce ruwa ba ya zuwa, ki ce masa: "Ranka ya daɗe Alhaji, bokiti mai lita 10 yana ɗaukar minti huɗu a banɗakina ko na cire kan shawa, a hawan ƙasa kuwa bai kai minti ɗaya ba, ina roƙon a duba bututun da ya sauko daga tanki." Ki kuma tambayi sauran mazauna hawanku, in abin ya shafe su ku je tare, ku nemi a haɗa da wanke tankin a rana ɗaya, tun da dai za a rufe ruwan ginin a hau sama.